Daga Ambursa zuwa Abuja: kilomita nawa, minti nawa?

Yau jihar Kebbi za mu, kuma kowa ya taho da biro da takarda, domin akwai ɗan lissafi a hanya.

Idan ka shiga tashar mota a Birnin Kebbi ka tambayi direba nisan Abuja, da wuya ya ambaci kilomita. Zai ce maka in an fita bayan sallar asuba, kuma Allah ya kiyaye hanya, ana shiga da yamma. Mai sayar da tikitin jirgi zai ce awa ɗaya ce kacal. Malamin labarin ƙasa kuwa zai ɗora rula a kan taswira ya ce kilomita 500. Babu maƙaryaci a cikinsu. Abin da ya raba amsoshin nasu shi za mu bi, tun daga Birnin Kebbi, mu ratsa Ambursa, mu dangana da Argungu.

Birnin Kebbi a kan tudu yake, a gefen wani faffaɗan kwari. Ka tsaya ta wajen Dukku ka dubi ƙasa, za ka ga fadama shimfiɗe iya ganinka: da damina ruwa ya malale ta, da rani shinkafa ta mayar da ita kore shar, injinan ban-ruwa suna ta ƙara. Ruwan daga nesa ya fito. Gulbin Rima ya gangaro ta Goronyo ya haɗu da gulbin Sakkwato kusa da birnin Shehu, suka wuce Argungu, suka wuce Birnin Kebbi, sannan suka yi kudu suka faɗa Kwara. Garin ya taɓa zama babban birnin Kabawa har zuwa 1805 da mayaƙan jihadi suka ci shi. Yau nan ne fadar Sarkin Gwandu, kuma nan ne hedikwatar jihar tun ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka cire Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato.

Mutanen da suka yi fatauci a wannan kwari da jakuna da kwalekwale ba su san kilomita ba, zango suka sani. Zango shi ne iya tafiyar da ayari zai yi kafin ya sauke kaya ya kwana. Gari kaza zango uku ne, gari kaza zango bakwai. Wato tun fil azal Bahaushe da lokaci yake auna nisa, kuma direban tashar nan gadon kakanninsa ya riƙe.

Kimanin kilomita 20 gabas da Birnin Kebbi, a kan hanyar Argungu, za ka iske Ambursa, garin da sarakunan Gwandu suka taɓa zama kafin a mayar da fada Birnin Kebbi a zamanin Turawa. A nan aka gina Filin Jirgin Sama na Ƙasa da Ƙasa na Sir Ahmadu Bello, a zamanin Gwamna Sa'idu Usman Ɗakingari. Filin ba shi da hayaniyar na Legas ko na Abuja. A ranar da babu jirgi, sai ka ji wurin tsit, daga hasumiyar masu kula da zirga-zirgar jirage sai dogon titin sauka da tashi yana shan rana. Kafin a gina shi, alhazan Kebbi sai sun je Sakkwato suke hawa jirgi.

To, a nan za mu ciro biro. Akwai darasin da ke fitowa a jarrabawar lissafi ta WAEC da NECO wanda ɗalibai da yawa ke tsallakewa suna cewa ba shi da amfani a rayuwa: darasin latitud da longitud. Latitud layuka ne na kwance da ke nuna nisan wuri daga Ikweta, layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. Longitud kuma layuka ne na tsaye da ke nuna nisan wuri gabas ko yamma da layin da ya ratsa Girinwic a birnin Landan. Kowane filin jirgi a duniya yana da waɗannan lambobi biyu, su ne adireshinsa. Filin Ambursa yana kusan digiri 12.5 arewa, digiri 4.4 gabas. Filin Nnamdi Azikiwe na Abuja yana digiri 9.0 arewa, digiri 7.3 gabas.

Kewayen duniya kimanin kilomita 40,000 ne. Raba shi gida 360, za ka ga kowane digiri ɗaya na latitud kilomita 111 ne. Tsakanin 12.5 da 9.0 akwai digiri 3.5, ka ninka da 111, ka samu kusan kilomita 389. Wannan ne yadda Abuja ta yi kudu da Ambursa. Tsakanin 7.3 da 4.4 kuma akwai digiri 2.9. Sai dai a nan da ɗan tarko. Layukan tsaye suna matsowa kusa da juna yayin da kake nisa da Ikweta, kamar yadda ɓarin lemo yake da faɗi a tsakiya ya tsuke a baki biyu. A daidai yankin da ke tsakanin garuruwan nan biyu, digiri ɗaya na longitud kilomita 109 ne, ba 111 ba (masu son sanin dalili su ninka 111 da kosain na latitud ɗin tsakiya, wato digiri 10.75). Ninka 2.9 da 109, ka samu 316. Wannan ne yadda Abuja ta yi gabas.

Yanzu kana da zane mai kusurwa uku: gefe ɗaya 389, ɗaya gefen 316, kana neman dogon gefen da ya haɗa su. Ƙa'idar Fitagoras ta ajin ƙaramar sakandare ta isa. 389 sau 389 ya ba da 151,321. 316 sau 316 ya ba da 99,856. Jimla 251,177. Lambar da za ka ninka da kanta ta ba da wannan jimla ita ce 501 da 'yan ɗigo. Ka ga kilomita 500 ɗin malamin labarin ƙasa ta fito, ba tare da ka taɓa intanet ba.

Idan ka ja wannan layi a taswira, za ka ga ya bi ta kan ƙasar Zuru, ya wuce gabas da Kwantagora, ya ratsa tsakanin Minna da tafkin Shiroro, ya sauka Abuja. Mota ba ta da wannan gata. Ita sai ta fara yin kudu zuwa Jega, ta wuce Koko, ta kai Yawuri a bakin Kwara, sannan ta karkata gabas zuwa Kwantagora da Tegina, ta bi Minna da Suleja. Titi yana bin garuruwa da kasuwanni, yana neman inda aka yi gada, yana kauce wa duwatsu. Shi ya sa tafiyar mota ta haura kilomita 600 da nisa, ga ramuka, ga shingayen bincike, ga matsalar tsaro da ta sa direbobi ba sa son dare ya riske su a wasu sassan hanyar.

Saura tambaya ta biyu. Jirgin fasinja mai injin jet yana gudun kilomita 800 zuwa 850 a awa idan ya daidaita a sama. Raba 500 da 800, amsar ita ce minti 37 da rabi. To me ya sa aka rubuta kusan awa ɗaya a tikiti? Ina sauran mintocin suka tafi?

Da farko, lokacin da ke jikin tikiti ba daga tashi sama ake fara ƙirga shi ba. Daga sa'ar da jirgi ya motsa daga inda aka ajiye shi ake farawa, har zuwa sa'ar da ya tsaya cak a ɗaya filin. Tafiyar da yake yi a ƙasa kamar mota zuwa bakin titi, da jiran izini daga hasumiya, duk suna ciki. A Ambursa wannan ba ya ɗaukar lokaci, amma a Abuja jirgi kan tarar da wasu a gabansa.

Sannan jirgi ba ya kama cikakken gudunsa da ya bar ƙasa. Yana hawa ne sannu a hankali, kuma a ƙasa da ƙafa 10,000 ana yawan taƙaita gudunsa zuwa kimanin kilomita 460 a awa. Saukowa ma aiki ce. Matuƙa suna da wata ƙa'ida ta ka: duk ƙafa 1,000 da za a sauko tana buƙatar tafiyar mil uku na teku. Jirgin da ke ƙafa 30,000 sai ya fara gangarowa tun saura mil 90, wato kusan kilomita 167. Ka duba fa, kashi ɗaya cikin uku ke nan na duk tafiyar. Ka haɗa da abin da hawa ya ci, za ka ga a gajeriyar tafiya irin wannan, ɗan lokaci kaɗan jirgi ke yi yana cikakken gudu. Shi ya sa da an miƙa wa fasinja ruwa da biskit, kafin ya gama sai ya ji ana cewa a ɗaura bel za a sauka.

Bari in tsaya kan mil ɗin teku, don yana da daɗin sani. Da shi matuƙan jirgin sama da na ruwa ke auna nisa, kuma tsawonsa mita 1,852. Wannan lamba ba da ka aka zaɓe ta ba. An raba digiri ɗaya na latitud gida 60, kowane gida shi ne mil ɗaya na teku. Ninka 1.852 da 60 ka ga abin da zai fito: 111 ɗin nan tamu ce ta dawo.

Sai iska. Duk yaron da ya tashi a bakin gulbi ya san kwalekwalen da ke bin ruwa ya fi wanda ke gaba da ruwa sauri, ko da ƙarfin tuƙin ɗaya ne. Haka jirgi yake a cikin iska. In iskar sama tana tura shi ta baya, zai isa da wuri. In tana dukan goshinsa, zai makara kuma ya ƙona mai da yawa. A tafiyar Abuja bambancin 'yan mintoci ne. A doguwar tafiya kamar Landan zuwa Niyok, zuwa kan ɗauki kusan awa takwas, dawowa kuma kusan bakwai, alhali nisan bai canja ba ko da taku ɗaya.

Akwai kuma ranar da awa ɗayar ke zama kwana biyu. Daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu na kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta baza ta a kan arewacin Najeriya. Idan hazo ya yi kauri har matuƙi ba zai hangi titi daga nisan da doka ta gindaya ba, ba zai sauka ba, komai yawan manyan mutanen da ke cikin jirgin. Ma'aikatan Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, su ke auna nisan da ido ke iya gani su sanar. Fasinjoji kan yi ta faɗa a irin wannan rana, amma a ganina matuƙin da ya ƙi tashi ya fi wanda zai gwada sa'a da rayukan mutane. Da damina kuma hadari ne: jirgi ba ya kutsa cikin baƙin gajimare mai tsawa, kewaye shi yake yi, kilomitoci su ƙaru.

Mu bar Ambursa mu ci gaba da bin titi arewa maso gabas. Kimanin kilomita 35 a gaba, ga Argungu, inda Kabawa suka kafa sabuwar fadarsu bayan sun bar Birnin Kebbi. Duk wanda ya je ya daure ya shiga gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarki da aka mayar wurin adana kayan tarihi a 1958. An sa masa sunan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16 ya gina Surame. A ciki akwai masu da takubba da kwari da baka da tambura, ga kayan su iri-iri. Amma abin da ya kai sunan Argungu duniya shi ne bikin kamun kifi, wanda ya samo asali a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, aka binne tsohuwar gabar da ke tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

A ranar babbar gasa, dubban masunta ke jeruwa nesa da bakin Matan Fada, kowa da homarsa da gorarsa. Da an ba da alama sai su kwasa da gudu su faɗa ruwa, makaɗa na bin su a kwalekwale. Kimanin awa ɗaya ake ba su. A bikin 2020, kifin da ya ci gasa kilo 78 ne. Ka kwatanta: jirgin da ya motsa daga Ambursa a daidai lokacin da masunta suka faɗa ruwa, kafin a gama ɗora giwan ruwa a kan sikeli ya riga ya tsaya a Abuja.

Amma kada awa ɗayar nan ta ruɗe ka. Mu ɗauki mutumin Argungu da zai je wani ofis a tsakiyar Abuja. Zai yi minti 40 ko kusa da haka kafin ya kai Ambursa. Ana so ya isa aƙalla awa ɗaya kafin tashi, don auna kaya da bincike. Jirgi ya ci awarsa. A Abuja ya jira jakarsa, sannan ya shiga mota, domin filin jirgin yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsakiyar birni. Daga ƙofar gidansa zuwa ƙofar ofis, awa huɗu zuwa biyar ta tafi, in komai ya tafi daidai. Duk da haka ya fi wanda ya wuni a mota. Tsadar ce matsala: kuɗin tikitin zuwa kaɗai sau da yawa ya haura naira 70,000, mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024. Ga yawancin mutanen kwarin Rima, har gobe Abuja tafiyar wuni guda ce. Ba kuma kullum ake samun jirgi ba, jadawalin yakan canja daga lokaci zuwa lokaci, saboda kamfani ba ya kawo jirgi inda kujeru ba za su cika ba.

Wannan lissafi na ƙofa zuwa ƙofa shi ke bayyana dalilin da ba ka jin ana sayar da tikiti daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato. Tsakanin filin Ambursa da filin Sultan Abubakar III kilomita 100 ce da 'yan kai a miƙe. Jirgi kafin ya gama hawa lokacin sauka ya yi. Mutumin Argungu kuwa, da ke zaune tsakanin filayen biyu, kafin a gama duba jakarsa a Ambursa, abokinsa da ya shiga mota ya kusa hango Sakkwato. Jirgi sai tafiya ta yi tsawo yake nuna fifikonsa.

Ga wani abin mamaki da taswira ke nunawa. Babban birnin ƙasa mafi kusa da Birnin Kebbi ba Abuja ba ne, Yamai ne. Filin jirgin Yamai yana digiri 13.5 arewa, 2.2 gabas, wato kimanin kilomita 260 daga Ambursa, rabin nisan Abuja da ɗan ɗoriya. Mutanen Kamba da Kangiwa suna da dangi a Gaya da Dosso da Dogon Dutse, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, auratayya ɗaya. Amma wanda ya ce lallai ta sama zai je Yamai daga Kebbi, sai ya fara juya mata baya ya tafi Abuja ko Legas, wani lokaci ma ya ratsa ta Lome ko Abijan. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, an rufe iyakar ƙasa har zuwa Maris 2024, ita ma Nijar ta rufe sararin samaniyarta a watan Agusta na 2023. Jiragen da ke tasowa daga Turai zuwa Najeriya, waɗanda suka saba ratsa Nijar kai tsaye, sai da suka riƙa kewayawa. Sama ma tana da iyakoki, kuma kowace ƙasa tana da ikon cewa kada a bi ta kanta.

Lokacin da filin Ambursa ke cika maƙil shi ne lokacin aikin Hajji. A ranar 15 ga Mayu, 2024, daga nan jirgin farko na alhazan Najeriya na wannan shekara ya tashi, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya zo ya yi musu ban kwana. Daga Ambursa zuwa Jidda kimanin kilomita 3,800 ne, zuwa Madina kuma kusan 3,950. A irin wannan nisa dabararmu ta Fitagoras ba za ta yi daidai ba, saboda ita don shimfiɗaɗɗen wuri aka yi ta, duniya kuwa dunƙulalliya ce. Ka samu ƙwallo ko gora, ka ɗiga alama biyu a jiki, ka ja zare tsakaninsu ya yi tauri. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi gajarta, ita ce malamin lissafi ke kira babbar da'ira. Idan aka mayar da ita kan taswirar bango sai ta fito da ɗan lanƙwasa, shi ya sa hanyoyin jirage a taswira suke kama da baka.

Wannan zare ka san shi tuni, ko da ba ka san sunansa ba. Alƙibla ce. Daga Birnin Kebbi alƙibla ba gabas sak take ba, ta ɗan karkata arewa, kimanin digiri 70 daga arewa in kana juyawa ta hannun dama. Wanda ya miƙe a kan wannan layi bai kauce ba zai shiga Nijar, ya ratsa Chadi ta arewa da tafki, ya ƙetare arewacin Sudan da Bahar Maliya, ya faɗa Hijaz. A miƙe, jirgi zai yi ta cikin kusan awa biyar. Amma da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 aka rufe samaniyar ƙasar, jiragen alhazan Najeriya dole suka yi zagaye, lokaci ya ƙaru, mai ya ƙaru, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗi. Manomin shinkafar da ya shekara biyar yana tara kuɗin kujera a Argungu, yaƙin Khartum ya taɓa aljihunsa.

Kakanninmu kuwa da ƙafa suka yi wannan tafiya. Su kan bi ta Kano da Borno, su shiga Wadai da Darfur, su ƙetare kogin Nilu, su kai Sawakin a bakin Bahar Maliya su hau jirgin ruwa. Mutumin da ke yin kilomita 25 kowace rana ba hutu zai ci kilomita 4,000 cikin kwana 160. A zahiri shekaru suke yi, domin guzuri kan ƙare, sai a tsaya a yi noma ko ƙodago a tara na gaba. Da yawa ba su dawo ba, wasu ma ba su kai ba. Jikokinsu na nan a Sudan suna jin Hausa da Fulatanci, kamar a garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Jiragen sama na farko da suka sauka Kano, a watan Nuwamba na 1925, kusan wannan hanya suka biyo ta baya: daga Masar suka taso, suka yi kwanaki suna yada zango a Sudan da Chadi kafin su iso.

Akwai wani abu da ke rikita sabon alhaji, shi ne agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu. Jirgin da ya tashi Ambursa da ƙarfe 12 na rana ya yi awa biyar, zai sauka da ƙarfe 7 na yamma agogon can. A dawowa, in ya tashi da 12 na rana agogon Saudiyya, zai sauka da ƙarfe 3 agogonmu. Wanda ya dubi tikiti kawai zai ɗauka zuwa awa bakwai ce, dawowa uku. Tushen abin longitud ne: duniya na juya digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 a awa, ko minti huɗu ga kowane digiri. Ba sai ka bar Najeriya za ka ga wannan ba. Maiduguri tana gabas da Birnin Kebbi da kusan digiri 9, shi ya sa da azumi mutanen Borno ke shan ruwa fiye da rabin awa kafin mutanen Kebbi, alhali agogonsu ɗaya. Don kauce wa irin wannan ruɗani, matuƙa da masu hasumiya a duk duniya agogo ɗaya suke aiki da shi, wanda ya yi daidai da agogon GMT da kuke ji ana ambata a rediyo.

Duk lissafin nan aikin wasu mutane ne na kullum. Kafin jirgi ya motsa akwai wanda ya zauna ya tsara hanya, ya duba iska, ya ƙirga man da zai isa har da na ko-ta-kwana idan an hana sauka an ce a wuce wani fili. Akwai mai hasumiya, akwai injiniya, akwai mai auna yanayi. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da matuƙa da masu hasumiya da injiniyoyi, mata da maza, kuma cikin abin da take dubawa a takardar sakandare akwai lissafi da fiziks da Turanci. Filin Ambursa yana buƙatar irin waɗannan ma'aikata, kuma ban ga dalilin da zai hana su fito daga makarantun Argungu da Jega da Gwandu ba.

Ga aikin gida. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana digiri 12.0 arewa, 8.5 gabas. A wannan yanki ku ɗauki digiri ɗaya na longitud a matsayin kilomita 108.5. Ku nemo nisansa daga Ambursa kamar yadda muka yi na Abuja, ku faɗi wanne ya fi kusa, Kano ko Abuja, kuma da kilomita nawa. Wanda ya gama ya gwada na Legas, digiri 6.6 arewa, 3.3 gabas, amma a nan shi zai nemo wa kansa tsawon digirin longitud da kosain. Ku kai wa malamin lissafi ya duba ranar Litinin.